A mayar da mazaɓa gunduma kafin a sake kiranmu zaɓe

Watanni kaɗan bayan zaɓen Nijar na 27 ga Disamba 2020 na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Magarya, kuma bayan an yi addu'a an shafa, hira ta koma kan hanyar da ke kai su kasuwa, wadda ruwa ke yankewa kowace damina. Wani dattijo, sa'an mahaifina, ya dube ni ya ce: “Ɗana, kai da kake zaune birni, a cikin depitocin nan da muka zaɓa wane ne namu?” Na amsa masa da abin da doka ta tanada, cewa jihar Damagaram mazaɓa guda ce mai kujeru 32, saboda haka dukansu nasa ne. Ya yi murmushi ya ce: “To, idan talatin da biyu ne, ƙofar wa zan buga?” Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, kuma ina ganin tsarin zaɓen da muka yi aiki da shi shekara talatin shi ma ba shi da ita.

Na san za a ce ba lokacin wannan magana ba ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu majalisar dokoki, a Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, a Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Amma ni a ganina wannan ne ya sa maganar ta dace da yanzu, domin tun ran gini ran zane. Duk lokacin da akwai depitoci a kan kujeru, kowane gyaran iyakar mazaɓa sai ya bi ta hannun waɗanda tsohuwar iyakar ta kai su majalisa, kuma ba a taɓa jin mutum ya sare reshen da yake zaune a kansa ba. Yau babu mai kujerar da zai kare. Ko yaushe aka koma ga akwati, kuma ko da wane irin tsarin mulki, dole a amsa tambayar yadda za a raba ƙasa mazaɓu, kuma gara a amsa ta kafin a san wanda amsar za ta amfana.

Ga yadda abin yake a da. Bayan babban taron ƙasa na 1991, majalisar da aka zaɓa a 1993 tana da kujeru 83. An ƙara su zuwa 113 a zaɓen 2004, sannan zuwa 171 a zaɓen 2016. A cikin 171 ɗin, kujeru 158 an raba su tsakanin jihohi takwas, kowace jiha mazaɓa guda. Takwas na mazaɓu na musamman ne, waɗanda aka keɓe domin al'ummomin da yawansu ba zai kai su majalisa ba idan aka zuba su cikin kogin jiha. Biyar kuma na 'yan Nijar mazauna ƙetare. Damagaram ce ta fi kowa samu, kujeru 32, ga kuma ta Tesker ta musamman, ta 33. A mazaɓar jiha mai zaɓe yana dangwala wa jam'iyya ne, ba shi da ikon ɗaga sunan wani ko goge na wani, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta tara daga Gure har Takeita.

Idan aka tsaya ga rabon da ke tsakanin jihohi, babu zaluncin da za a kai ƙara a kansa. Ƙidayar 2012 ta ba ƙasar mutum 17,138,707, ta ba jihar Damagaram 3,539,764, wato kowace kujera ta jiha tana ɗauke da kimanin mutum 110,000. Yamai mai mutum miliyan ɗaya da 'yan kai ta sami kujeru 10. Agadas, wadda ba ta kai rabin miliyan ba, ta sami shida, an ɗan sassauta mata saboda faɗin ƙasa, kuma ba na jin akwai Badamagaren da zai yi mata ƙyashi a kan haka. Masu cewa babban birni ya cinye kujerun karkara ba su duba lissafin ba. A Nijar fiye da kashi 80 cikin 100 na jama'a a karkara suke, kuma a kan takarda ƙuri'arsu ce ke cika majalisa. Matsalar tana cikin jiha, inda aka zuba mutum miliyan uku da rabi a tukunya guda aka ce su fitar da wakilai.

Sai mutum ya tuna abin da ake nufi da jihar Damagaram kafin ya ga girman abin. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 150,000, ya fi na ƙasar Benin baki ɗaya. A kudu, wajen Magarya da Kance da Dungas, ƙauye na kallon ƙauye, gona ta ƙanƙance har gado ya zama rigima, rayuwa kuma ta rataya ga bakin iyaka, ga kasuwannin Daura da Kano, ga darajar naira da ke hawa da sauka. A Damargu, wajen Tanut da Belbeji, noma na tafiya ne a gefen layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa, kuma maganar da ke hana mutane barci ita ce rijiya da burtali da ranar sakin dabbobi. A gabas, ƙasar Muniyo da Kutus, rairayi ne ke binne kwaruruka da hanyoyi. A tsakiya ga birnin Zinder da ƙishirwarsa ta shekara da shekaru da matasansa marasa aiki. Kalmar “karkara” da muke furtawa kamar abu guda ta ƙunshi mutanen da buƙatunsu kan yi karo da juna, domin abin da manomin Bande yake so a rubuta a dokar filaye ba shi ne makiyayin arewacin Tanut yake so ba. Jerin sunaye guda ba zai iya ɗaukar wannan duka ba.

To, wa ke rubuta jerin? Shugabannin jam'iyya ne, kuma maganar ƙarshe a Yamai take yankuwa, kusan kilomita 900 daga nan. Wanda ke son sunansa ya shiga, ya kuma zauna inda kujera za ta same shi, ya san wanda ya kamata ya faranta wa rai, kuma ba manomin Wacha ba ne. Ana duba wanda zai iya ɗaukar nauyin kamfe, ya sayi mai, ya ɗauki hayar motoci, ya raba turamen atamfa. Irin wannan mutum kuwa galibi babban ɗan kasuwa ne ko babban ma'aikaci, gidansa na birnin Zinder ko Yamai, 'ya'yansa a can suke karatu, a can iyalinsa ke ganin likita. Yana iya zama haifaffen ƙauye, yana iya zuwa gida da Salla, amma ranar da maganin cizon maciji ya ƙare a ƙaramin asibitin garinsu ba jikinsa ne zai gaya masa ba. Mutanen ƙauye su ke yin layi cikin rana, mata da goyo, su cika akwati, sannan a raba kujerun a inda ba sa nan: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Adalci ne in faɗa cewa manyan jam'iyyu ba makafi ba ne. Sun saba duba gundumomi idan suna haɗa jeri, suna sa ɗan Mirya da ɗan Gure da ɗan Matamaye domin kowane yanki ya ga fuskar da ya sani, kuma an yi depitoci da suka riƙe yankunansu da gaskiya, suna zuwa jana'iza da sulhu, suna bin takardun makarantu a ma'aikatu. Sai dai wannan al'ada ce ta jam'iyya, ba haƙƙi ba ne na mai zaɓe. Abin da jam'iyya ta bayar don ganin dama tana iya hanawa, kuma idan aka haɗa abin da jam'iyyu biyar ko shida suka samu, babu abin da ke tabbatar da cewa kowace gunduma ta fito da rabonta. Wata tana iya tashi da depitoci fiye da yawanta saboda ta yi sa'ar manyan mutane, wata ta tashi da guda ko babu. Mafi muni kuma, depiten da ya yi watsi da yankinsa ba a iya hukunta shi shi kaɗai, domin ƙuri'ar da za a hana shi jam'iyya aka hana, shi kuwa yana iya komawa majalisa da ƙuri'un mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba a ɗaya ƙarshen jihar.

Abin da nake ba da shawara shi ne a sauko da mazaɓa daga jiha zuwa gunduma, a bar tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'a yadda yake. Ba sai an ƙirƙiro sababbin layuka a taswira ba. Tun 2011, lokacin da aka ƙara gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, jiharmu tana da goma ban da birnin Zinder: an cire Dungas daga Magarya, Takeita da Damagaram Takaya daga Mirya, Belbeji daga Tanut, Tesker daga Gure. Mutane sun san waɗannan iyakoki, sun san inda perefensu yake zaune. Na ɗauki alƙaluman 2012 na raba kujeru 32 ɗin a kansu, ban da Tesker mai tata kujerar, kuma abin ya faɗa daidai ba tare da wahala ba. Magarya mai mutum 577,743 za ta sami biyar, Mirya mai 507,499 ita ma biyar, Tanut mai 429,150 huɗu, Kance mai 399,181 huɗu. Dungas da Gure da birnin Zinder kowanne uku, Takeita da Damagaram Takaya biyu-biyu, Belbeji mai 96,452 kuma guda. Wanda ya ga dama ya sake lissafin da kansa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lissafi shi ne rabon birni. Birnin Zinder da ƙananan hukumominsa biyar yana da mutum 322,935 a 2012, bai kai kashi ɗaya cikin goma na jihar ba, kuma kujeru uku ne haƙƙinsa. Duk wanda ya zauna a garin nan lokacin siyasa ya san cewa nauyin birni wajen yanke shawarar wanda zai tafi majalisa ya ninka wannan sau da yawa, domin a nan ofisoshin jam'iyyu suke, a nan gidajen rediyo suke, a nan ake taron da ake kira na jiha. Da mazaɓar gunduma, kujeru 29 za su koma hannun waɗanda ke da su. Ɗan takarar Dungas zai san cewa ƙuri'ar Dungas kaɗai za ta kai shi, jam'iyya kuma za ta yi tunani sau biyu kafin ta ɗora wa mutane baƙon da bai san sunayen masu garinsu ba. Dattijon nan na ƙasar Magarya zai sami ƙofofi biyar, ya san masu su, ya kuma san cewa bayan shekara biyar za su dawo neman sa.

Masana doka za su tunatar da ni cewa tsarin mulkin 2010 ya ce kowane depite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ba manzon yankinsa ba, kuma aikinsa yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da sa ido a kan gwamnati, ba gina magudanar ruwa ba. Haka ne, kuma ina cikin masu jin takaicin yadda muka mayar da depite mai biyan kuɗin magani da ragon suna. Amma dokar da ake yi a Yamai a kan ƙasa take sauka. Kasafin kuɗi shi ke faɗin hanyar da za a yi da wadda za a bari, yawan malaman da za a ɗauka, takin da za a sayo da lokacin da zai iso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma majalisar da yawancin mutanenta ba su kwana a ɗakin ba za ta yi doka mai kyau a takarda wadda ba ta toshe komai. Zama wakilin ƙasa bai hana a san inda mutum ya fito da waɗanda za su tambaye shi ba.

Kada kuma a ɗauka ina neman a rama wa karkara a kan birni. Ni ɗan birni ne, na yi layin jarka da asuba a bakin famfo, kuma na san cewa talaucin Kara-Kara ko Garin Malam bai fi na ƙauye sauƙi ba. Ban da haka, iyakar da ke tsakanin birni da ƙauye ba ta da kaifin da muke zato. A cikin mutum 322,935 da aka lissafa wa birnin, kimanin 235,000 ne ke cikin gari sosai, sauran mazauna ƙauyukan da aka haɗa da shi ne. Da an gama girbi kuma gari yakan cika da 'yan cin rani, masu ga-ruwa da masu dako da masu kabu-kabu, waɗanda a ƙauye aka rubuta su amma a birni suke shan ruwa da neman magani rabin shekara. Ruwan da birnin ke sha daga karkara ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa, matatar mai da aka buɗe a 2011 kuma tana kan hanyar Tanut, kimanin kilomita hamsin daga gari, a tsakiyar gonakin mutane. Irin waɗannan batutuwa, inda bututu ke wucewa ta ƙauyen da shi kansa yake da ƙishirwa, sun fi samun mafita idan kowane ɓangare yana da wakilin da zai zauna ya yi ciniki da sunansa. Birni kuwa yana girma da sauri, kuma duk ranar da sabuwar ƙidaya ta nuna kujerunsa sun zama huɗu ko biyar, a ba shi ba tare da jan ƙafa ba.

Inda maganar ta fi wuya shi ne faɗin ƙasa. A 2012 gundumar Tesker tana da mutum 37,132, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da kujerar jiha ke ɗauka, wato ƙuri'ar mutumin Tesker ta ninka ta mutumin Magarya kusan sau uku. A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 1964 cewa 'yan majalisa mutane suke wakilta, ba itatuwa ko kadada ba, kuma a ƙa'ida maganar gaskiya ce. Duk da haka ina goyon bayan a bar wa Tesker kujerarta, haka ma Bilma da Ngurti da Tasara da Bermo da sauransu. Tubawa da Larabawa da sauran makiyayan da ke warwatse daga Tesker har duwatsun Termit, idan aka zuba su cikin mazaɓar Gure, ƙuri'arsu za ta narke kamar gishiri a tafki, kuma ƙasar da ta sha tawaye a shekarun 1990 ta san kuɗin da ake biya idan wata al'umma ta ji ba a lissafa da ita. Wannan kujera ba ta zama ado ba: daga ita Mohamed Bazoum ya fara shiga majalisa a 1993. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da togiya ta zama ƙa'ida, kowane yanki mai rairayi ya zo yana neman a auna masa da kilomita. Kenya ta rubuta iyaka a tsarin mulkinta na 2010: mazaɓa tana iya kauce wa matsakaicin yawan jama'a da kashi 30 cikin 100, birane da yankunan da mutane suka yi ƙaranci kuma da kashi 40. Ba lallai mu ɗauki alƙalumansu ba, amma ya kamata mu ma mu rubuta namu, a san inda sassauci ya tsaya, a kuma ambaci mazaɓun musamman da sunayensu da dalilinsu.

Wasu abokaina, musamman masu yawan zuwa Kano, suna ganin na tsaya rabin hanya. A ganinsu a yanka jihar gida 32, kowace mazaɓa depite guda, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, kamar yadda ake yi a Najeriya, inda majalisar wakilai ke da mazaɓu 360 kuma kowa ya san ɗan majalisarsa. Ina fahimtar abin da ke jan su, amma ina tsoronsa. Mazaɓa mai kujera guda tana mayar da kowane zaɓe na ci ko faɗuwa, wanda ya sami kashi 35 ya tafi da komai, sauran 65 su koma gida hannu wofi. A ƙasarmu kuwa, inda iyakar kanto da gidan sarauta da ƙabila suke kwance a kan juna, layin da za a ja domin a fitar da mazaɓu 32 dole ya ratsa ta tsakiyar wata masarauta ko ya haɗa waɗanda ke da tsohuwar jiƙaƙƙa, kuma a wurare da yawa Bafulatani ko Buzu ko Bamange zai zama ɗan tsiraru na dindindin a mazaɓarsa. Sannan mai riƙe da alƙalamin shata layi yakan zama shi ne mai zaɓen gaskiya. Tun 1812 aka san wannan, lokacin da wani gwamna a Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan taswirar da aka murɗe wata mazaɓa a cikinta har ta yi kama da ƙadangare domin jam'iyyarsa ta ci. Najeriyar ma da ake misali da ita, tsarin mulkinta na 1999 ya tanadi a riƙa sake duba mazaɓu, amma har yau da iyakokin 1996 ake aiki, saboda duk wanda ya taɓa su ya taɓo gidan rina. Gunduma ta fi aminci domin ba don zaɓe aka shata ta ba.

Shawarata tana da nata tsada, kuma ba zan ɓoye ba. A mazaɓa mai kujeru 32 ƙaramar jam'iyya tana iya samun kujera da kaso kaɗan na ƙuri'u, amma a mai kujeru uku sai ta nemi wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu za su ce hakan alheri ne, ganin yadda jam'iyyu suka yi yawa har takardar zaɓe ta zama kamar tabarma, amma ni ba na son a rufe bakin ƙananan ra'ayoyi. Ana iya ware wasu kujeru kaɗan a matakin ƙasa domin a rama wa jam'iyyun da suka tara ƙuri'u a warwatse. Senegal ta daɗe tana haɗa kujerun gundumomi da jerin ƙasa, Benin kuma ta raba ƙasarta mazaɓu 24 masu kujeru kaɗan-kaɗan. Sai maganar mata. Dokar kaso ta 2000 ta fara da kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka kai 15 a 2014, aka kai 25 a 2019, kuma cika wannan kaso ya fi sauƙi a dogon jeri. A gundumar da jam'iyya ta ci kujera ɗaya ko biyu, mace ce za a fara sadaukarwa. Dole sabuwar doka ta faɗi yadda za a kiyaye kason a gajeren jeri, ko ta hanyar jeranta namiji da mace, ko ta lissafa kason a kan dukan abin da jam'iyya ta ci a jiha. In ba haka ba, za mu gyara wa manomi mu ɓata wa matarsa.

Saura wanda zai yi rabon da lokacin da zai yi shi. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san cewa mai kasa nama ba shi ke fara ɗauka ba, shi ya sa yake kasawa daidai. Kada a bar rabon kujeru a hannun ma'aikatar cikin gida ita kaɗai, kada kuma a bar shi ga majalisar da za a zaɓa. A ba hukuma mai zaman kanta, da alƙalai da masana ƙidaya da masana taswira daga jami'o'inmu, ta saurari sarakuna da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, ta buga lissafinta a fili da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta a rediyo. A rubuta a doka cewa bayan kowace ƙidaya za a sake rabon, kuma ba a taɓa shi a shekarar zaɓe. Ƙidayoyinmu sun zo a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, kuma a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, alƙaluman da na yi amfani da su a sama sun tsufa. Sun isa nuna hanya, ba su isa raba kujerun gobe ba. Haka kuma ƙirƙirar sababbin gundumomi dole ta fita daga hannun mai neman ƙuri'a, domin ranar da gunduma ta zama mazaɓa, kowane babban mutum zai so a yanka masa tasa.

A kuma yi rabon a kan yawan jama'a, ba a kan yawan waɗanda suka yi rajistar zaɓe ba. A 2020 masu katin zaɓe a ƙasar duka kimanin miliyan 7.4 ne, kuma kowa ya san wanda ya fi rasa takardar haihuwa da wanda mai rajista ya fi wahalar isa gare shi: matar ƙauye, da makiyayin da ya bi ciyawa, da saurayin da ya tafi cin rani Kano ko Agadas. Idan aka auna da rajista, za a hukunta yanki sau biyu, a hana shi takarda sannan a rage masa kujera saboda ba shi da ita. Zan ƙara da sharaɗi guda a kan 'yan takara, cewa mutum ya tsaya a gundumar da sunansa yake cikin rajistarta, a nan zai jefa tasa ƙuri'ar. Ba zai hana ɗan kasuwar Yamai komawa garinsu ya yi rajista ba, amma aƙalla zai yi layi tare da waɗanda yake neman wakilta.

Belbeji ce kaɗai ta rage mini a lissafin da ban gama yanke shawara a kanta ba. Da kujera guda za ta faɗa cikin irin haɗarin ci ko faɗuwa da na ambata, a yankin da manoma da makiyaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ana iya mayar da ita cikin Tanut, inda ta fito, su zama mazaɓa guda mai kujeru biyar, amma sai mutanenta su ce an ba su gunduma da hannun dama an karɓe da na hagu, kuma Tanut mai ninkinsu huɗu za ta iya shanye kujerun duka. Na fi karkata ga a bar mata kujerarta har sabuwar ƙidaya ta nuna ko ta kai biyu, amma kafin a rubuta komai, hukumar da za ta yi aikin ta je Belbeji ranar kasuwa ta tambaye su.